Likitocin da Ba Su Karɓi Kuɗi Ba: Waliyyan Kiristocin Farko da Sawunsu a Ƙasar Katsina

A ƙasar noma da ta miƙe daga Funtuwa zuwa Malumfashi, inda garuruwa irin su Mahuta da Kafur da Bakori suke zaune a tsakiyar gonakin masara da dawa da auduga, kalmar waliyyi ta Musulmi ce tun asali, domin daga Larabci ta shigo, kuma idan aka ambace ta hankalin mai sauraro yakan tafi ne ga Wali Ɗan Marina ko Wali Ɗan Masani, malaman birnin Katsina na ƙarni na 17 waɗanda har yau ake faɗin karamominsu. Sai dai Hausawa Kiristoci na wannan yanki, waɗanda galibinsu 'ya'ya ne da jikokin Maguzawan da suka karɓi addinin a ƙarni na 20, su ma sun ari kalmar, musamman mabiya ɗariƙar Katolika, suna kiran bayin Allah na farkon tarihin addininsu da ita. A wurinsu waliyyi shi ne mutumin da ikilisiya, wato al'ummar masu bi da shugabanninta, ta shaida cewa ya rayu cikin tsarki ko ya mutu saboda imaninsa, har aka keɓe masa rana a shekara ana tunawa da shi, ana kuma sa wa yara da majami'u da asibitoci sunansa. A cikin waɗannan waliyyai akwai wani rukuni na musamman wanda sana'arsa magani ce, kuma Girkawa sun yi wa 'yan rukunin laƙabi da Anargiroi, ma'ana marasa azurfa, saboda abin da aka fi riƙewa game da su shi ne sun yi wa mutane magani ba su karɓi ko anini ba.

Kafin a gane nauyin wannan laƙabi, sai an san yadda neman lafiya yake a daular Rum a ƙarni uku na farko bayan haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ilmin likitanci na wancan zamani ya ginu ne a kan koyarwar Buƙrat da Jalinus, wanda aka haifa a shekara ta 129, kuma ginshiƙin koyarwar shi ne jikin mutum yana ɗauke da ruwaye huɗu, jini da majina da ɗaci rawaya da ɗaci baƙi, waɗanda idan ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya tashi, aikin likita kuwa shi ne ya mai da daidaito ta hanyar rage jini, ko ba da maganin amai da na wankin ciki, ko sauya abinci, ko ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho ko tsaga ko sakiya a ranar kasuwa ya ga kusan rabin aikin likitan Rum, bambancin dai shi ne na Rum da ƙoƙon tagulla yake zuƙo jini, na Hausa kuma da ƙahon saniya. Ƙwararrun likitoci na sarakuna ne da attajirai da rundunar soja, talaka kuwa sai ya biya abin da aka yanka masa, ko ya tafi ɗakin bautar Askilifiyos, gunkin warkarwa na Girkawa, ya yi hadaya ya kwana a can yana jiran a nuna masa magani a mafarki. Babu wani gida da aka gina domin a kwantar da baƙo ko miskini a yi jinyarsa saboda kawai ba shi da lafiya.

Kiristocin farko sun yi suna da jinya tun kafin su yi suna da magani. Lokacin da wata annoba ta mamaye daular daga wajen shekara ta 250 har sama da shekara goma, Bishop Diyonisiyus na Iskandariyya ya rubuta cewa mutanensa sun tsaya a kan majinyata suna ba su ruwa da abinci, suna wanke gawa suna binnewa, kuma da yawansu sun kamu sun mutu, alhali wasu mutanen gari suna fitar da 'yan uwansu waje tun da sauran numfashi. Ko da an rage wani abu daga wannan bayani a kan cewa mai abu ne ke yabon abinsa, akwai shaidar abokin hamayya, domin Sarki Juliyan, wanda ya yi ƙoƙarin mai da daular ga bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa a shekara ta 362 cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba su bi addininsu ba. Tushen wannan hali a wurinsu shi ne labaran Linjila na yadda Annabi Isa ya warkar da makafi da kutare, abin da Alƙur'ani ma ya ambata a surar Ali Imrana da ta Ma'ida tare da bayyana cewa da izinin Allah aka yi. Likita na farko da aka ambata da suna a cikinsu shi ne Luka, abokin tafiyar Bulus mai yaɗa addinin, wanda wasiƙar Bulus zuwa ga mutanen Kolosi ta kira shi likita, kuma shi ake jingina wa rubuta ɗaya daga cikin Linjila huɗu da littafin Ayyukan Manzanni.

Waɗanda suka fi kowa shahara a cikin marasa azurfa su ne Kosmas da Damiyan, waɗanda ruwaya ta ce tagwaye ne 'yan asalin ƙasar Larabawa, sun koyi likitanci a Sham, suka zauna suna aiki a garin Egiya da ke gaɓar teku a kudancin Turkiyya ta yau, har aka kama su a zamanin Sarki Diyokilishiyan, wanda ya ƙaddamar da mafi tsananin farauta a kan Kiristoci a shekara ta 303, aka fille musu kai bayan sun ƙi yi wa gumaka hadaya. Abin da masana tarihi suke iya dafawa su tsaya a kai kaɗan ne: akwai kabarinsu a garin Kirus na arewacin Siriya, ana ziyartarsa tun ƙarni na 5, Fafaroma Filikus na Huɗu ya keɓe musu majami'a a tsakiyar birnin Rum tsakanin 526 da 530 wadda har yau tana nan, kuma Sarki Jastiniyan ya gyara majami'arsu a Kustantiniyya, Istanbul ta yanzu, bayan ya yi imani cewa ta dalilinsu ya tashi daga wani ciwo mai tsanani. Sauran labaran an rubuta su ne shekaru masu yawa bayan mutuwarsu, kuma sun yi ta rassa har Girkawa suka wayi gari da Kosmas da Damiyan kala uku, kowanne da ranarsa da irin mutuwarsa. Wannan bai rage wa labaran daraja ba ga mai nazari, domin hikaya tana nuna abin da mutanen da suka riƙe ta suke ƙishirwa, ko da ba ta tabbatar da abin da ya faru ba.

Hikayar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce ta ƙwai uku. An ce wata mata mai suna Faladiya, wadda ta daɗe a kwance likitoci sun gaza, ta sami sauƙi a hannun tagwayen, sai ta kawo wa Damiyan ƙwai uku a ɓoye, da ya ƙi karɓa ta haɗa shi da girman Allah, shi kuma ya karɓa don kada ya wulaƙanta sunan da aka gama shi da shi. Da Kosmas ya ji, ransa ya ɓaci har ya yi wasiyya kada a binne su a kabari ɗaya, kuma ruwayar ta ce bayan mutuwarsu sai da wani raƙumi da suka taɓa yi wa magani ya yi magana da muryar mutum ya wanke Damiyan, sannan aka haɗa su wuri guda. Mai karatu Bahaushe zai fahimci tsaka-mai-wuyar da Damiyan ya shiga fiye da yadda Bature na yau zai fahimta, domin a ƙasar Hausa mai da kyauta cin fuska ne, kuma wanda aka haɗa da Allah ba ya da sauran ta cewa. Bayan haka, a al'adar magani ta Hausa biya yana cikin maganin kansa: malami yana karɓar kafin alƙalami tun bai ɗora tawada a allo ba, boka yana neman kaza ko ɗan akuya, ungozoma tana da sabulunta da hatsinta, wanzami yana da damin da ake ware masa da kaka a gidajen da yake yi wa aski da kaciya, kuma mutane da yawa sun yarda cewa maganin da ba a ba da komai a kansa ba bai cika ci ba. Wannan ba kwaɗayi ba ne kawai, domin abin da aka bayar yana ƙulla zumunci tsakanin mai ciwo da mai magani, yana kuma ɗauke wa majinyaci nauyin zama wanda aka yi wa alfarma. Waɗanda suka tsara hikayar sun san da haka, shi ya sa ba su bar Kosmas ya yi nasara shi kaɗai ba: sun yarda cewa ƙin karɓar lada shi ne ƙa'ida, suka kuma yarda cewa akwai lokacin da karɓar ƙwai uku daga hannun matalauciya shi ne kare mutuncinta.

Bayan mutuwar waɗannan likitoci aikin da ake jingina musu ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma a nan ne aka ga yadda sabon addini ya gaji tsohuwar hanya. Majinyata sun riƙa kwana a majami'arsu ta Kustantiniyya suna jiran su zo musu a mafarki cikin kayan likitoci, su duba su, su faɗi abin da za a sha ko a shafa, wanda sau da yawa man fitilar majami'ar ne ko kakin kyandir, kuma wannan kwanan jira shi ne dai abin da kakanninsu suke yi a ɗakin Askilifiyos. Garin Egiya ma da aka ce tagwayen sun yi aiki a cikinsa yana da ɗaya daga cikin manyan ɗakunan wannan gunki. A Masar an yi abin da gangan, domin a garin Menutis kusa da Iskandariyya akwai wurin bautar gunkiya Isis inda har Kiristoci suke zuwa neman waraka, sai Bishop Siril, wanda ya shugabanci ikilisiyar Iskandariyya daga 412 zuwa 444, ya kwaso ƙasusuwan wasu shahidai biyu, Kirus likita da Yohanna soja, ya kai su can domin jama'a su sami inda za su kai kukansu ba tare da sun koma wa gunki ba. Wajen shekaru 200 bayan haka Sofroniyus, wanda daga baya ya zama shugaban ikilisiyar Ƙudus kuma shi ne ya miƙa birnin ga Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), ya rubuta labarin warkarwa 70 da aka ce sun auku a wurin, na ƙarshensu kuwa nasa ne, na ciwon ido. Sunan Abu Ƙir da yankin yake amsawa a yau daga Abba Kirus ya samo asali.

Matsalar da Siril ya fuskanta ba baƙuwa ba ce ga malamin Musulunci ko faston da ya yi wa'azi a ƙauyukan Maguzawa, domin mutum yana iya sauya addini a rana ɗaya, amma ranar da ɗansa ya sanƙare da zazzaɓi ƙafarsa takan tuna hanyar gidan mai bori. Masanin tarihi Murray Last, wanda ya zauna a cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna a wata maƙala da ya buga a 1981 cewa mutanen yankin ba su damu da haɗa hanyoyin magani su zama tsari guda mai bayani ba, suna zuwa asibiti da wurin malam da wurin boka gwargwadon abin da ya sawwaƙa da abin da suke fatan zai yi aiki. Haka mutanen Menutis suke, kuma littafin Sofroniyus cike yake da majinyatan da suka ƙarar da dukiyarsu a hannun likitoci kafin su iso wurin waliyyan da ba sa cajin kowa.

Sauran 'yan rukunin ana iya ambatonsu a taƙaice. Fantaliyon na Nikomidiya, wanda aka ce likitan fadar sarki ne kafin a kashe shi a shekara ta 305, shi ne mafi girma a idon Kiristocin Girka da Rasha. Bilasiyus, bishop na Sebasta, an jingina masa ceton yaron da ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya, shi ya sa a majami'un Katolika, har da na Najeriya, ake yi wa mutane addu'ar maƙogwaro ranar 3 ga Fabrairu, wadda a arewa takan faɗo cikin hunturu lokacin da ƙura ta cika ƙirjin kowa da tari. Akwai kuma mata, irin su Zinaida da Filonila 'yan garin Tarsus, waɗanda ikilisiyoyin gabas suke ƙirga su a farkon marasa azurfa.

Hikayar da ta fi yawo a zane-zanen Turai ita ce ta dashen ƙafa, wadda wani malamin ɗariƙar Dominikan, Yakubu na Borajin, ya shigar a cikin tarin labaran waliyyai da ya haɗa a ƙarni na 13. An ce wani ma'aikacin majami'ar tagwayen a Rum yana da gyambon da ya cinye masa ƙafa, sai ya yi mafarki sun zo da wuƙa da man shafawa sun yanke ta, suka ɗauko ƙafar wani Bahabashe da aka binne a ranar suka dasa masa, da ya farka ya ga ƙafa ɗaya fara ɗaya baƙa. Likitocin dashe na zamani suna son wannan hoto, kuma abin lura ne cewa dashen ƙoda na farko da ya yi nasara mai ɗorewa, wanda aka yi a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin tagwaye aka yi shi, domin jikin ɗaya bai ƙi abin da aka ciro daga ɗan uwansa ba. Amma mai karatu ɗan Afirka yana da haƙƙin ya tambayi abin da masu zanen ba su tambaya ba, domin Bahabashen ba shi da suna a labarin, ba a nemi iznin danginsa ba, kuma a wasu sassaƙe-sassaƙen ƙasar Sifen na ƙarni na 16, zamanin da cinikin bayi ya kankama, an nuna shi a kwance a ƙasa da alamar rai da azaba a fuskarsa. A wata nahiyar kuma 'yan Afirka ne suka karɓe tagwayen suka mai da su nasu, domin jikokin bayi Yarabawa a jihar Bahiya ta Burazil sun haɗa su da Ibeji, tagwayen al'adarsu, kuma kowace ranar 27 ga Satumba ana dafa abincin kuɓewa a ciyar da yara a raba musu alewa. Bahaushe ma, wanda yake cewa Hassan da Husaini suna da iko a kan kunama, bai rasa abin da zai gane a nan ba.

Idan aka bar hikaya aka koma ga abin da ya tabbata, mutumin da ya mai da jinyar kyauta ta zama gini mai ma'aikata shi ne Basil, bishop na Kaisariya, Kayseri ta Turkiyya a yau, wanda ya karanci likitanci a cikin ilmomin da ya nema a Atina. Bayan yunwar da aka yi a wajen shekara ta 369, ya gina wata unguwa a bayan gari mai masaukin baƙi da ɗakunan majinyata da wurin kutare da likitoci da masu jinya, kuma masana da yawa suna ɗaukar ta a matsayin ɗaya daga cikin asibitocin farko a ma'anar da aka san asibiti yanzu. A Rum wata attajira mai suna Fabiyola, wadda ta rasu a 399, ta sayar da dukiyarta ta buɗe irinsa. Darasin da ke cikin aikin Basil shi ne magani kyauta yana da mai biya, sai dai ba majinyaci ba ne: gadonsa ya sa, ya matsa wa attajirai, ya kuma sami filaye daga hannun Sarki Balens. Wannan tsari ya bi ta hannun Kiristocin Sham da Farisa ya shiga daular Musulunci, inda Halifa Mansur ya kira likita Kirista, Jurjis ɗan Bukhtishu, daga Jundishafur zuwa Bagadaza a 765, zuriyarsa suka yi wa halifofin Abbasiyawa aiki tsawon ƙarnoni, Hunainu ɗan Is'haƙa kuma, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinus zuwa Larabci, sannan Musulmi suka gina nasu manyan asibitoci a kan dukiyar waƙafi. Ta wannan hanya ce ilmin zafi da sanyi da danshi da bushewa ya iso hannun malaman ƙasar Hausa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma da Kyaftin Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, likita yana cikin abubuwan da ya nemi a aiko masa daga Ingila.

A cikin likitocin da suka zo ƙasar Hausa daga baya akwai 'yan mishan, kuma wasunsu sunan Luka suka riƙo. Dakta Walter Miller na mishan ɗin Angilikan ya zauna a birnin Zariya daga 1905, bayan mishan ta koma Wusasa a 1929 kuma aka kafa asibitin da har yau yake ɗauke da sunan Waliyyi Luka, kuma daga wannan al'umma ta Wusasa aka sami Dakta Barau Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mishan ɗin SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi kula da sansanonin kutare a ƙarshen shekarun 1930, a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943 da asibitin Galmi a Nijar a 1950. Gaskiya ce da ba a ɓoye ta ba cewa waɗannan likitoci suna fatan magani ya buɗe wa wa'azi ƙofa, sarakuna ma sun san da haka, shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a kan inda za a bar su su zauna da abin da za su koya wa yaran da ke hannunsu. Gaskiya ce kuma cewa sun wanke gyambon mutanen da danginsu suka ware musu ƙwarya, kuma akasarin waɗanda suka yi wa magani sun koma gida da addinin da suka zo da shi.

A tsakanin Kiristocin kudancin Katsina kansu ba a haɗu a kan matsayin waliyyai ba. Mabiya ECWA da sauran ikilisiyoyin Furotesta suna girmama Luka a matsayin marubucin Linjila, suna sa wa 'ya'yansu sunansa, amma ba sa roƙon wani mamaci ya yi musu addu'a, domin a ganinsu babu matsakanci tsakanin mutum da Allah sai Almasihu. Katolika kuwa suna cewa ba bauta wa waliyyi suke yi ba, roƙonsa suke ya taya su addu'a kamar yadda ake roƙon mutumin kirki mai rai, kuma sunayen Kosmas da Damiyan suna cikin tsohuwar addu'ar da fada, wato limaminsu, yake karantawa a babbar ibadarsu. Musulmin da ya san muhawarar da ake yi a kan tawassuli da ziyarar kaburburan waliyyai tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala zai ga cewa tambayar kusan iri ɗaya ce, ko da yake kowane addini da hujjojinsa.

Katolika ta kafu a wannan yanki ne ta hannun limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, waɗanda aka danƙa wa yankin Sakkwato da Katsina a shekarun 1950, suka kafa makarantar horar da katikis, wato malaman da ke koyar da addini a ƙauyuka, a Malumfashi. A ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, wato yankin da bishop yake shugabanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, bishop na farko. Babbar majami'ar dayosis ɗin a birnin Katsina tana ɗauke da sunan Martin de Porres, wanda ba ya cikin waliyyan farko amma ya bi sawunsu sak, kuma sana'arsa ta fi ta kowa kusa da gida, domin wanzami ne. An haife shi a Lima ta ƙasar Feru a 1579, uwarsa 'yantacciyar baiwa ce mai jinin Afirka, ubansa Basifane, ya koyi aski da tsaga da ɗaurin rauni tun yana yaro, ya shiga gidan Dominikan a matsayin bara saboda launin fatarsa ya hana a karɓe shi kai tsaye, ya shafe rayuwarsa yana jinyar limamai da bayi da talakawan gari, ya rasu a 1639, aka kuma ayyana shi waliyyi a 1962.

Ranar Kosmas da Damiyan a kalandar Katolika ta yanzu ita ce 26 ga Satumba, ta Luka 18 ga Oktoba, ta Martin kuma 3 ga Nuwamba, dukkansu a tsakanin ƙarshen damina da kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara a Mahuta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma lokacin da manomin da rumbunsa ya ƙare yakan kai sabuwar masara kasuwa tun farashi yana ƙasa, ko ya sayar da akuyar matarsa, domin kuɗin kati da na allura da na ƙarin jini da na motar da za ta kai majinyaci Funtuwa ko Malumfashi. Abubuwan da ake samu kyauta a yau suna da mai biya kamar na Basil: maganin kuturta ana raba shi kyauta a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1995, maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina gwamnati da masu ba da tallafi ne ke ɗaukar nauyinsa. Babbar Ruga, tsohon sansanin kutare, ta sauya aiki bayan wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi, ya fara ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari a shekarun 1980, kuma yanzu cibiya ce ta gwamnatin tarayya inda ake yi wa mata daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Maraɗi wannan aiki ba tare da an karɓi kuɗin tiyata daga hannunsu ba.